Jif ɗin Labaran Mai Durƙuso

Isyaku bakanike ne, garejinsa na bakin titi kafin a hau gadar Wudil. Ya daɗe yana fama da tasi da a-kori-kura da motocin ɗaukar shanu, kuma in dai ƙarfe ne, da jin kukansa ya san inda ciwon yake. Da sojoji suka koma bariki aka dawo da siyasa, sai wasu irin motoci suka fara shigowa gari. Wadda ta fi ci masa tuwo a ƙwarya ita ce ta Labaran, ƙanin matarsa Hansai.

Da can fataucin awaki Labaran yake yi a kasuwar Juma'a. Ya shiga jam'iyya, ya samu ɗan muƙami, sai ya ga babur ya yi masa kaɗan. Ya sayo wata tsohuwar jif baƙa, 'yar Kwatano, wadda ba ta da sifirin irin na sauran motoci. A kan jakunkunan roba take zaune, ɗaya a kowace ƙafa, wani ɗan inji yana hura musu iska, kwamfutar motar kuma tana lura da tsayinta. Ba a jima ba aka wayi gari ta durƙusa ta bayan hagu kamar raƙumi zai sauke kaya.

Isyaku ya zagaya ta, ya gaya wa Labaran gaskiya cewa bai taɓa shiga ƙarƙashin irinta ba, amma in aka bar masa ita zai bi ta a hankali. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa wa jakar, sai ga kumfa na tasowa ta wata 'yar tsaga. Ya ce sai an sauya, kuma kada a motsa motar kafin nan. Kafin la'asar Labaran ya dawo ya ce suna da taro a Kausani, ba zai yiwu a gan shi a kan babur ba. Ya cika ta da jama'a har saman kaya. Injin iskar ya yi ta hurawa jakar na zubarwa, har ya ƙone. Da igiya aka jawo ta, cikinta na sharar ƙasa.

Isyaku ya duba surukuta, ya sake karɓar aikin. Ya samo jaka da inji na hannu daga Kano, ya ɗaura. Motar ta miƙe tsaf, ya yi hamdala. Bayan 'yan kwanaki ta ɓullo da sabon salo. Ana cikin tafiya sai gaba ya ɗaga, baya ya zauna, wata fitila ta kama ƙyaftawa a gaban direba. In an kashe an tayar, sai ta gyaru kamar ba ita ba.

Labaran ya ce 'yan adawa ne suka yi mata hannu, har ya sa aka yayyafa mata rubutu. Da ta kwanta masa a hanyar Ɗankaza kuma, ya bar wani mai faci ya ɗaure ɗan ƙarfen da ke auna tsayin ƙafar baya da robar taya. Da Isyaku ya ga ƙullin nan, sai ya fito daga ƙarƙashin motar ya zauna a kan benci.

"Labaran, mota ɗaya likita nawa?" in ji shi. "Duk abin da na gwada na ajiye, sai wani ya zo ya hargitsa. Ta ina zan gane ciwon?"

"Yaya, a yi haƙuri. Jama'a ce ba ta jira."

A gida ma bai tsira ba. Kullum Hansai sai ta tambaye shi ina aka kwana, ta tuna masa cewa yaron nan maraya ne, kuma idon mutane na kansa. Wannan karon Isyaku ya cire batirin motar ya kulle a shago, ya ce ko gwamna ne zai zo taron, ba inda za ta. Ya kori sauran ayyuka, ya bi wayoyin motar ɗaya bayan ɗaya da 'yar fitilar gwaji, yana girgiza kowace yana kallo. Wuyansa ya ƙage, ƙasa ta cika masa ido. Can a bayan tayar hagu, da ya taɓa wata siririyar waya, sai fitilar ta ɗauke. Ya saki, ta dawo. Ashe ta karye ne a cikin rigarta, kanta kuma ya yi tsatsa saboda taɓon fadama. In mota ta shiga gargada sai wayar ta rabu, kwamfuta ta rikice. Rabon da Isyaku ya ji daɗin aiki haka har ya manta. Abin da ya rage kawai ya samo sabon kan wayar.

Washegari ya yi sammako ya tafi Kano, ya sha yawo a wajen masu kayan gyara kafin ya dace. Ya dawo da ɗan abin a aljihu, ya tarar da filin garejin wayam. Mai shayin da ke gefe ya ce masa ai Labaran ya zo da aron batiri ya tafi da motar Kano, wani abokinsa ya ce masa akwai masu cire jakunkunan su sa sifirin a huta. Wataƙila ma a hanya suka yi saɓani.

Da motar ta dawo, tsaye take ƙiƙam, tana buga mutum kamar amalanke. Ga kuma wata ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, da ba ta tsayawa, don kwamfutar na ta neman jakunkunan da aka zubar. Labaran ya fito yana fara'a, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya roƙi a kashe masa ƙarar. Isyaku ya zaro kan wayar ya nuna masa, ya fara bayanin abin da ya gano. Labaran ya saurara yana duba agogo, ya ce Allah sarki, ai da ya sani da ya jira.

Isyaku ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari ya zare wayar ƙarar. Da yamma ya gaya wa Hansai cewa kada ya ƙara ganin motar nan a garejinsa, ta ce za ta faɗa masa. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, Juma'ar da ta biyo yana alwala ya hango wasu mutane suna turo baƙar jif daga kan gada, Labaran a ciki yana ɗaga masa hannu. Wai giya ce ta ƙi shiga.