Muryar Gwaggo a Lasifikar Hagu

Kawunan waya guda biyu ne a tafin hannun Likita, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, amma yadda yake jujjuya su a hasken taga sai ka ce lu'ulu'u ya tsinta. Likitan haƙori ne, sai dai duk dangi sun san inda zuciyarsa take: ɗakin baya, inda ya girke manyan lasifikoki biyu da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da na'urar juya faifai, wadda ko matarsa ba ya bari ta goge wa ƙura.

A makon nan ya samo faifan da ya daɗe yana cigiya. Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ta sha faɗa cewa tana budurwa ta yi amshi a wata ƙungiyar mawaƙa, har an bar mata baiti guda ita kaɗai. Ba wanda ya taɓa jin shaida, jikoki kuwa cewa suke Gwaggo ta iya ƙara gishiri. Faifan ƙungiyar ne Likita ya samo, shi ya sa ya aika mata ta zo yau, kunne zai raba gardama.

Da ya gwada faifan jiya, murna ta koma ciki. Lasifikar dama na fitar da muryar jagoran waƙar tas, ta hagu kuwa, inda 'yan amshi suke, sai ƙara kamar ana suya. Ya zargi allurar na'urar, ya zargi faifan, har kunnensa ya zarga. Sai da hannunsa ya gogi wayar da ta haɗa na'urar da amfilifaya, ƙarar ta ɗauke ta dawo, sannan ya gane. Kan wayar ne, wanda tun da ya kafa kayan bai waiwaya ba, ya yi tsatsa yana girgiɗi a raminsa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Sautin da allura ke ɗaukowa siriri ne ƙwarai, in ya iske mahaɗa mara kyau nan yake maƙalewa, komai ingancin abin da ke gaba.

Ya datse tsofaffin kawunan biyu, ya fere wayar, ya liƙa sababbin da dalma, na tagulla masu ruwan zinari. Matarsa ta leƙo ta ce da ƙofar kicin na samun rabin wannan kulawa da tuni ta daina kuka. Bai ko ɗago ba. Ya tura kan wayar a rami, ya ji ya kama gam, ya yi wata 'yar dariya shi kaɗai.

Ko gwadawa bai samu yi ba aka yi sallama. Ƙanwarsa ce ta shigo riƙe da hannun Gwaggo, jikoki na biye suna ƙyafta wa juna ido. Ya zaunar da tsohuwar a kujerarsa ta tsakiya, ya sauke allura a kan faifan.

Kiɗa ya cika ɗakin, ba ko ɗigon ƙara. Jagora ya rera, 'yan amshi suka karɓa daga hagu, kowace murya a sarari har da jan numfashinsu. Can sai duk suka yi shiru, wata siririyar murya ta tashi ita kaɗai, tana karya ƙarshen kalma daidai yadda Gwaggo ke yi in tana kiran sunan mutum.

Ƙanwarsa ta dafe ƙirji. Jikoki suka saki baki. Likita ya kasa zama, ya fara bayanin tagulla da tsatsa.

"Yi mini shiru, ɗan nan," in ji Gwaggo, "ina waƙa."

Ta lumshe ido har baitin ya ƙare, sannan ta girgiza kai.

"Ashe na yi saurin shiga. Mayar da shi farko mu ji."