Ciyawar da Ta Biyo Kwandon Kifi

Wata uku Latifatu tana bin duwatsun bakin teku kafin ta samu ciyawar. Koriya ce shar, ganyenta kamar gashin zabuwa, kuma babu ita a littattafan ciyawar tekun Gana da take karantawa a jami'a. Malaminta ya ce ta kawo ta da ranta, a duba ko baƙuwa ce da ta maƙale a jikin jirgin ruwa daga wani teku mai nisa. Aikin kammala karatunta kacokan a kanta ya rataya.

Ta kawo ta gidansu a unguwar Maamobi a roba, cikin ruwan teku, ta ajiye a inuwa kusa da bahon kifin kakarta, Hajiya Abibata mai suyar kifi. Nan fa ta yi wauta. Ta shiga ɗaki ta miƙe, barcin azahar ya ɗauke ta, ta yi ta mafarkin koren ganye yana lilo a ƙarƙashin ruwa, yana bin cikin jirage daga gari zuwa gari. Da ta farka, robar na kife a bakin kwata, an wanke ta fes.

"Kaka! Ina ciyawata?"

"Wannan datti? Na zubar mana," in ji Hajiya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kullum sai na tsince shi cikin kifi. Ya dame ni paa, sosai-sosai."

Latifatu ta zauna daɓas, hawaye ya zubo. Haushi kamar ya kashe ta, ga ba dama ta yi wa tsohuwa tsawa. Can sai maganar ta dawo mata.

"Kaka, kin ce kullum?"

"Ei. Akwai mai faɗi kamar leda, akwai mai kama da zare, waɗannan tun ina yarinya. Naki mai gashin zabuwa baƙo ne. A kwandon kifin da ake kawowa daga Tema na fara ganinshi. Bayan shekara biyu ya shigo na Chorkor. Bara har a na Elmina."

Latifatu ta lalubo biro. Sanin da take nema a duwatsu, ashe yana tsakar gidansu yana juya kifi a mai.

"A Tema ɗin, wace shekara?"

Hajiya ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin da take ajiye takardun mijinta, Abdul-Rahman, wanda ya yi aikin jirgin ruwa, ya rasu a tafiya aka yi masa sutura a teku. A cikin takardar da kamfanin jirgin ya aiko akwai busasshen ganye guda, ya kwanta lafiyau, gashinsa bai karye ba.

"Sati ɗaya bayan takardar nan, ganyen ya zo cikin kifina," ta ce a hankali. "Ba ni da kabarin da zan je. Sai na ce daga wajenshi ya fito."

Latifatu ta duba kwanan watan. Shekara goma sha ɗaya.

"Kaka, in na kai jami'a, sai sun yanki kaɗan kafin su gane shi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ganyen, sannan ta ɗora mata takardar a tafin hannu.

"Su yanka. Amma in sun gane tekun da ya fito, ki zo ki gaya mani sunanshi. Ban taɓa sanin inda aka sa kakanki ba."