Ginshiƙi na Tara

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ga bayinsa bai nemi takarda a hannunsu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shekara talatin na yi ina kai sammacin kotu, ban ga zaman da ya ƙona mini rai kamar na wani tsohon baduku ba. A ƙarƙashin gada yake gyaran takalma, a nan yake kwana, shi da mutane arba'in. Wani kamfani ya samo izinin mayar da wurin ma'ajiyar motoci, aka ba su kwana bakwai su tashi. 'Yar ƙanwata, wadda lauya ce, ta shigar wa tsohon da ƙara. A rana ta shida aka zauna. In aka kori ƙarar, washegari katafila za ta shiga.

Lauyan kamfani ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, wajibi ne mai ƙara ya rubuta adireshinsa. Wannan ba shi da shi. Ƙarƙashin gada hanya ce, ba mazauni ba."

Alƙali ya dubi tsohon. "Baba, ina gidanka?"

"Ranka ya daɗe, da ina da gida me zai kawo ni? Ai abin da muke faɗa ke nan tun safe!"

Aka yi dariya, ni kuwa istigfari na yi. Awa uku masu ilimi suna jayayya a kan ko bawan Allah yana wani wuri, alhali ga shi zaune, igiyar ɗinki na leƙe daga aljihunsa.

Da aka tafi hutun salla, yarinyar ta tare ni a baranda. "Kawu, wa ya kai musu takardar tashi?"

"Ni."

"Kai da ba ka ɗaukar takarda sai da adireshi?"

Sai na tuna. Na ƙi karɓarta da farko, sai kamfanin ya tura mai fenti ya bi ginshiƙan gada yana sa musu lamba. Na gaya mata haka.

Da aka dawo ta roƙi magatakarda ya karanta takardar. Ya karanta: mai gyaran takalma, ginshiƙi na tara, ƙarƙashin gada. Ga sa hannun lauyan kamfani a ƙasa.

Alƙali ya cire tabarau. "Adireshin da ya isa a kori mutum da shi, ya isa ya kawo ƙara da shi. Kada katafila ta kusanci wurin sai an gama shari'a."

Tsohon ya tashi yana mita. "Shekara ashirin ba wanda ya san inda nake, sai da za a kore ni aka ba ni lamba."

Har yau ana ɗaga shari'ar. Shi kam bara ya rasu a gindin ginshiƙinsa, a nan muka sallace shi. Allah ya gafarta masa, ya ba shi mazaunin da ba a tashin kowa. Mai karatu kuma, Allah ya rufa masa asiri duniya da lahira. Amin.