Kafin a Sayar da Bijimin

Janareta ya sake mutuwa daidai lokacin da hoton takardar ya kai rabin shiga. Malam Mus'ab, mai shagon kwamfutar, ya yi tsaki ya zagaya baya da jarkar fetur. Maimunat ta duba wayarta. Sha biyu da kwata.

Wata biyar ke nan da ta nemi rancen karatu na ɗalibai. Na 'yan ajinsu a kwalejin kiwon lafiya da ke Sakkwato ya fito, nata ya maƙale. Sai makon jiya wani ma'aikaci ya gano dalili: a katin ɗan ƙasa an rubuta Maimuna, a takardun makaranta kuma Maimunat. Aka ce ta karɓo takardar rantsuwa daga kotu ta ɗora a shafin masu rancen. Makaranta kuwa ta riga ta kafa sanarwa cewa jibi za a rufe ba da katin jarrabawar ƙarshe. Ba mai samu sai wanda ya biya, ko wanda shafinsa ya nuna an amince da rancensa.

Shi ya sa da sassafe ta biyo motar kasuwa daga Gatawa zuwa Isa, ita a gaba, yayanta Zainulabidin a baya yana riƙe da igiyar bijiminsu. Shi kaɗai ya rage musu tun da 'yan bindiga suka kore shanun garin. Da shi ake haɗa na maƙwabcinsu a yi huɗar gonakin gida biyu, ga damina ta kusa. Sun yi shawara tun a gida: in takarda ta shiga aka amince, bijimi ya koma; in ba haka ba, a sayar a biya makaranta.

Wuta ta dawo. Malam Mus'ab ya zauna yana goge hannu da tsumma, ya fara komai daga farko.

“Malam, in ta shiga, nan take suka amincewa?” ta tambaya.

“Sai yadda hali ya yi. Wani yaro na Kurawa cikin awa guda nashi ya canza. Wata kuma sati ukku ta yi tana zarya nan.”

Wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, muryarsa tana fitowa ta cikin kukan shanu da hayaniyar kara.

“Maimunat, mi ake ciki? Dillali ya samu mai saye. Alhajin na loda mota, da an sallame azahar zai tashi.”

“Yaya, ka ɗan ƙara haƙuri. Sabis ne ke yawo.”

“Ki dai sani biyu da rabi sojoji ke raka motocin Gatawa. In munka rasa rakiya, ba mai bin hanyar nan da sa.”

Ta ce to. Wani ɗan layi shuɗi yana rarrafe a allon kwamfutar, ya tsaya, ya sake motsawa. Wasu samari biyu da ke jiran layi a kan benci sun daina hira suna kallo tare da ita. Ta tuna shekara uku da ta yi tana kwana a ɗakin ƙanwar mahaifiyarta a Sakkwato, tana wanke-wanke kafin ta tafi aji, da ɗakin shan maganin garinsu da ke rufe tun da ma'aikacin ƙarshe ya gudu. Ta kuma tuna mahaifiyarsu da safen nan, ta fito ta tsaya a bakin zaure ana ɗora bijimin a mota.

Ƙarfe ɗaya saura minti goma takardar ta shiga. Malam Mus'ab ya sabunta shafin. Rubutun bai canza ba: ana kan dubawa. Ya sake, har sau huɗu. Ya buga lambar da aka rubuta a ƙasan shafin, ya sa a sifika. Kiɗa ya yi ta tashi har katinsa ya ƙare.

Aka kira salla. Ya miƙe ya ɗauki buta. “Ƙanwata, ni in faɗa miki gaskiya, yau ba ta canzawa. Ki bari a sayar. In kuɗin sun fito daga baya, ku sayi wani.”

“Kuɗin rancen, makaranta aka ba su kai tsaye, Malam. Ba hannuna zai shigo ba.”

Ya ajiye butar. Ya buga mata shafin a takarda, ya ƙi karɓar kuɗin bugun.

Ta taka zuwa kara da ƙafa, ta bi ta layin masu gero tana kauce wa amalanke. Tun daga nesa ta hango Zainulabidin a gindin ɗorawa, ya naɗe igiya a hannu, dillali na gefensa yana duba agogo. Bijimin yana tuƙa hankali kwance. An riga an shafa masa jan fenti a ƙugu, alamar mai saye.

“To?” in ji yayanta.

Ta miƙa masa takardar. Bai yi boko ba, ta sani. Ya juya ta, ya dubi tambarin da ke sama, ya dube ta.

“Sun amince,” ta ce. “Ka koma da shi gida.”

Dillali ya buga hannu a cinya. “Haba, tun hantsi nike riƙe da mutum saboda ku.”

Zainulabidin ya ba shi haƙuri, ya ciro ɗan abin goro ya damƙa masa. Sai da dillalin ya yi nisa yana mita sannan ya juyo.

“Kin tabbata ba abin da ya rage?”

“Sai dai in je in karɓi kati. Yanzu za ni shiga motar Sakkwato.”

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuya ya ɗebi ƙasa, ya fara goge fentin daga jikin bijimin.

“In kin isa anka ce wani abu ya taso, ki kira ni. Kasuwa na ci wani mako.”

“To, Yaya.”

Kafin wani mako an riga an fara jarrabawa, amma ba ta faɗa ba. Ta tsaya har aka tura bijimin cikin mota, har motocin Gatawa suka jeru bayan ta sojoji suka ɗaga.

A tasha mutum ɗaya ya rage motar Sakkwato ta cika. Ta biya, ta matse a kujerar baya kusa da wata tsohuwa mai kwandon kaji. Abin da ya rage a jakarta ba zai kai kuɗin dawowa ba. Ta ciro takardunta ta jera su a cinya, ta rantsuwa a sama, ta fara shirya a ranta kalmomin da za ta faɗa wa magatakardan makaranta gobe, da wanda za ta nema in shi ya ƙi sauraronta.