Sifiri Biyu

Ranar Talata aka ba maƙwabcina lambar sabon kwale-kwalensa: 4100.

Mai Koma ake ce masa. Shekara talatin yana su a tafkin bayan unguwarmu, shekara shida kuma, tun rasuwar matata, yana ajiye mini kifi a bakin ƙofa ba tare da ya jira godiya ba. Ya shigo ya ɗora takardar rajista a kan littafin da nake karantawa, har yatsansa ya bar mini ƙarni a shafi.

"Malam, karanta min ƙarshenta."

"Sifiri biyu."

"To, ka ji. Koma wayam, ciki wayam."

Masuntanmu suna da wani ilimi da babu shi a kowace makaranta. Lambar da ta ƙare da bakwai, a cewarsu, tana kai mutum ta dawo da shi. Tara tana kawo manyan kifi. Sifiri kuwa rami ne. Lambar tsohon jirginsa ta ƙare da bakwai biyu, shi ya sa yake ji da shi kamar ɗan fari, alhali katakon gindinsa ya ruɓe, tsumma da kwalta ne kawai ke riƙe da shi.

Abin da yake so ƙarami ne: in rubuta wa ofishin rajista wasiƙa a canza masa lamba. In ya goge ta da kansa, jami'ai su kwace jirgin. Na gaya masa cewa wani akawu ne da bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba yake raba lambobin bi da bi, yadda layi ya zo. Na tambaye shi ko kifi ya shiga aji ne da zai tsaya karanta gefen jirgi.

"Kai da ka shiga ajin, me ka kamo?" in ji shi.

Na ƙi rubutawa. Na ce hannun da ya tsufa yana koyar da lissafi ba zai roƙa wa camfi alfarma ba. Da matata na da rai, da ta ce, hannun naka zai karye ne? Amma babu ita, sai ni da littattafai, su kuwa kullum bayana suke goya.

Sau uku yana dawowa. Na ce ya je wurin masu rubuta wasiƙa a bakin ofis, ya ce wasiƙata kaɗai ake jin nauyinta. Sabon jirgi na kife a kan yashi, fentinsa na ƙyalli, awaki na kwana a inuwarsa. Shi kuma kowace safiya ya tura tsohon, da gwangwanin kwashe ruwa tsakanin ƙafafunsa. Abokan sana'arsa suna kallo, suna ce masa ya yi daidai.

Ranar da abin ya faru ko iska babu. Katakon gindi ne ya buɗe a tsakiyar tafki. Sai bayan la'asar aka ciro gawarsa, nannaɗe cikin komarsa.

A wurin zaman makoki wani dattijon masunci ya sunkuyo ya ce mini, "Malam, yanzu ka yarda? Bai ko hau sabon ba, lambar ta bi shi." Saura suka gyaɗa kai. Ruɓaɓɓen katako ya kashe mutum, sun ɗora wa sifiri. Na so in zage su ɗaya bayan ɗaya, da ubannin da suka koya musu ƙirga. Sai na tuna wanda ya hana shi wasiƙar, na ɗauki takalmina na fita.

Bayan sati biyu matarsa ta tsaya a ƙofar zaurena, ba ta shigo ba. Babban ɗansu zai gaji sana'ar, ita kuma ta rantse ba zai hau jirgin nan da wannan lamba ba. Yana maganar aron wani tsohon jirgi a wurin kawunsa.

"Malam, ban ce ka yarda ba. Ka rubuta kawai."

Layi huɗu ne. Ko shayina bai huce ba na gama. Washegari na kai da kaina. Akawun bai ɗago kai ba, bai tambayi dalili ba, ya buga hatimi ya miƙo 4137. Ashe kusan kullum ana kawo masa irinta.

Da yamma na tsaya daga nesa ina kallon ɗan yana zana bakwai ɗin da farin fenti, ya karkace kai yadda ubansa ke yi in yana ɗinkin koma. Na koma zaure na zauna ina fuskantar bencin da Mai Koma ya saba zama, babu kowa. Kalma huɗu ce ya kamata in faɗa masa ranar nan, ba ta fi ba. Zauna, miƙo min biro.