Sallamar Zarto a Ajin Turanci

Wanda ya sayi kamfanin katifar da muke aiki bai taɓa tako ƙafarsa cikin ma'aikatar ba. Yana can wata ƙasa ya aiko mana da Manaja mai sa kwat ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, ya kuma aiko da labarin wani inji da ke kan hanya, wanda aka ce shi kaɗai zai yanka soson da mutum huɗu suke yankawa. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga ranar kowa a sashen yanka ya san akwai wanda za a ce wa ya tafi gida.

Wanda abin ya fi tsaya wa a rai shi ne Zarto. Haka muke kiransa, don ya tsufa a gaban injin yankan soso, har ƙurar soson ta zama kamar ita ce furfurarsa. Matarsa na fama da ciwon suga, kuma da katin asibitin da kamfani ke ba ma'aikata ake duba ta, ake ba ta allura. Ranar da aiki ya tafi, kati ya tafi. Ba ya faɗa, amma duk mun sani.

Ana cikin haka Manaja ya tara mu ya ce daga yanzu kamfani na duniya ne, kowa sai ya koyi Turancin kasuwanci, kuma wanda ya mai da hankali a aji, za a duba lamarinsa idan inji ya iso. Aka ɗauko wata malama daga makarantar koyon harsuna. Yarinya ce mai ladabi, ba ta wuce sa'ar 'ya'yanmu ba. Aka jingina farin allo a ɗakin da muke cin abinci, aka ja bencina, fanka ɗaya tana juya warin gam a kanmu.

Zarto ya riƙe maganar Manaja kamar wanda ruwa ya ci aka miƙa masa igiya. Shi ne na farko a benci kullum. Ya ce gemu ba ya hana ilimi. Malama ta koya mana yadda ake gaisawa a waya, yadda ake tambayar farashi ba tare da an yi kamar ana faɗa ba, yadda ake ba kwastoma haƙuri idan kaya sun makara, da yadda ake bambanta odar da ta riga ta tafi da wadda za ta tafi gobe. Harshen Zarto ba ya juyawa, amma yana turawa. Yana yanka soso yana maimaita kalmomi, har Gwaggo Mai Keke, wadda ke ɗinka rigunan katifa a gefensa, ta ce masa, "Malam, da soson kake hira? In ya amsa maka ka gaya mini in gudu."

"Ke dai ɗinka abin da aka sa ki," in ji shi. "Ranar da Turawa suka bugo waya, ni za a nema, ke kina can kina neman zare."

Hanyar koyarwar Malama ita ce wasa. Sai ta rarraba ƙananan katuna, ta ce kai ne mai saye, kai ne mai sayarwa, ku tashi ku yi. A nan aka fi dariya. An taɓa sa Gwaggo ta zama kwastomar da aka kai wa katifa mai rami, ta manta da Turancin ta wanke direbanmu tas da Hausa, har sai da ya rantse ba shi ya kai ba. Mun saba da abin. Duk wanda aka miƙa wa kati ya san riga ce ta aro, yana gamawa zai tuɓe.

A cikin ajin akwai shugaban sashen yanka, wanda muke kira Sufa. Ɗan ƙanwar Zarto ne. A gidan Zarto ya tashi bayan rasuwar ubansa, Zarto ne ya kawo shi kamfanin, ya yi ta tura shi karatun yamma har ya wuce kowa. Yanzu magidanci ne mai iyali, shi ke sa hannu a kan aikin kawunsa, amma bai taɓa wuce shi da safe bai rusuna ba. Zarto kuwa in ana maganar Sufa har kafaɗarsa ke tashi.

Ranar da za a rufe aji, sai ga Manaja ya shigo. Aka goge masa kujera ya zauna a baya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Malama ta ɗauko katunanta, sai ya ɗaga hannu, ya ce yau shi ya zo da nasa. Ya miƙa mata guda biyu. Ta karanta, na ga fuskarta ta canza.

"Yallaɓai, wannan ba ya cikin darasinmu," ta ce.

"Shi ne Turancin da kamfani ke buƙata yanzu," in ji Manaja. "Sufa zai zama shugaba. Baba Zarto zai zama ma'aikaci."

Malama ta bayyana mana wasan da Hausa, muryarta ƙasa-ƙasa. Shugaba zai kira ma'aikaci ya gaya masa cikin lalama cewa kamfani ya gode da hidimarsa, amma aikinsa ya ƙare a ƙarshen wata. Ma'aikaci kuma abu biyu kawai zai ce: na fahimta, da na gode.

Mu da ba mu san dawan garin ba sai muka kwashe da dariya. Gwaggo ta ce, "Yau ɗa zai kori uba! Sufa, ka kore shi da kyau, mun gaji da Turancinsa." Zarto ya miƙe yana gyara riga, yana murna an zaɓe shi a gaban Manaja. Ya sa Malama ta maimaita masa layinsa biyu, ya haddace, ya je ya zauna a kujerar da aka ajiye a gaban allo, ya haɗa hannuwa a cinya kamar mai jiran likita.

Sufa ya tsaya a gabansa. Ya yi gaisuwar Turanci daidai. Ya ce masa ya zauna, alhali yana zaune. Ya fara maganar godiya, ya kai rabi, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

Zarto ya ɓata rai. Ya yi ƙasa da murya, amma duk mun ji. "Kai, mene ne haka? A gaban Manaja za ka kunyata ni? Ni da ban yi boko ba na riƙe nawa. Buɗe baki ka yi magana."

Sufa ya sake gwadawa. Wannan mutumin da ke amsa wayar Turawa ba ya ko numfashi, yau gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Dariyar aji ta fara mutuwa daga benci zuwa benci.

"Ci gaba," in ji Manaja daga baya.

Sufa ya sauke katin. Ya durƙusa a gaban kujerar, a kan simintin da ke cike da ƙurar soso, ya ce da Hausa, "Kawu, ba wasa ba ne."

Zarto ya sunkuyo ya dube shi.

"Me ka ce?"

"Da safe ya kira ni ofis. Ya ce sunanka ne ya fito, kuma tunda sashena ne, ni zan gaya maka. Na ce ba zan iya ba. Ya ce to in fara gwadawa a aji, bakina ya saba, kai ma kunnenka ya saba, gobe sai a yi na gaske. Kawu, wallahi na roƙe shi."

Na daɗe a duniya, na ga an sallami mutane. Na ga wanda aka kora da zagi, na ga wanda aka kora da ƙarya. Amma ban taɓa ganin an zaunar da dattijo a gaban abokan aikinsa, an sa ɗan da ya yi rainonsa ya gwada wuƙa a wuyansa don a ga ko tana da kaifi, ana kuma jira ya ce ya gode ba. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, wannan tsohon hali ne na masu kamfani. Amma ko gangar ba a sa ta buga wa kanta kiɗan rakiya.

Zarto ya daɗe yana kallon ƙeyar Sufa. Sannan ya ce, "Tashi. Tashi na ce, kana ɓata wandonka." Ya miƙe shi ma, ya juya ya fuskanci bayan aji.

"Yallaɓai, an ce da wasa ake gaya wa wawa magana. Ashe ni ne wawan gidan nan."

Manaja ya sauke ƙafarsa. Ya fara bayani da Turanci, da irin kalmomin nan masu santsi da aka yi ta koya mana, cewa an yi haka ne don a sauƙaƙa wa kowa.

"Ban kai nan a karatu ba," in ji Zarto. "Kana jin Hausa, na ji ka kana ciniki da mai gyaran mota. Ofishinka na da ƙofa, ni ina da ƙafa. Me ya hana ka kira ni? Ka ce mana wanda ya dage a aji za a duba shi. Na dage. Tun yaushe sunana ya fito?"

Manaja ya dubi agogonsa.

"Tun kafin a kawo allon nan, ko?"

Manaja ya gyara kwat ɗinsa. Ya ce za a yi magana a ofis, ya tashi ya nufi ƙofa. Gwaggo Mai Keke na zaune a bakin hanya, ba ta janye ƙafarta ba, sai da ya ratsa ta gefe kamar mai tsallake kwata. Ta bi shi da kallo ta ce, "A sauka lafiya, Yallaɓai. Allah ya kai mu ranar da za a ba ka naka katin."

Malama na tsaye jikin allo, idonta ya cika. Zarto ya je ya miƙa mata katinsa da hannu biyu.

"'Yata, ba laifinki. Kin koyar da mu tsakani da Allah. Layin farko shi ne 'na fahimta', kuma na fahimta ɗin. Na biyun ki riƙe, ba zan faɗa ba."

Washegari aka kira shi ofis, aka gaya masa abin da ya riga ya ji. Babu abin da ya canza. Mun je mu shida mun roƙa, aka ce hukuncin daga sama ya zo, kamar ruwan sama. Wanda bai taɓa shaƙar ƙurar soso ba ya yanke, wanda ke tsoron haɗa ido da tsoho ya aiwatar.

Amma a yammacin ranar ajin, da aka tashi, mun fito tare, ni da Zarto, Sufa na biye da mu kamar wanda aka ɗaura wa dutse. Hanyarmu ɗaya. Muka wuce masu facin taya, muka wuce kantin magani. Da muka iso ƙofar gidan Zarto, muna jin matarsa a ciki tana faɗa da jikoki a kan wanda ya bar famfo a buɗe.

Sufa ya matso. "Kawu, bari in shiga in yi wa Inna bayani. Maganar asibiti kuma, in sha Allahu ni zan..."

Zarto ya ɗaga masa hannu.

"Maganar asibiti za mu zauna, ba na ƙi ba. Amma yau ka ɗauki abin da ya ishe ka. Wuce gida wajen iyalinka." Ya kakkaɓe ƙurar soso daga hularsa, ya mayar a kai. "Matata ce. Da bakina za ta ji."

Ya yi sallama ya shiga.