Inda Saratu Ta Ce a Yanke

A sana'ata akwai abin da ba na wasa da shi: wurin yanka. Faifan CD ba ya ɗaukar fiye da awa ɗaya da 'yan mintuna, don haka in aka kawo mini dogon kaset a shagona na Yelwa, sai na juye shi a kwamfuta, na mayar da shi yadda injin faifai zai karanta, sannan na raba shi biyu. Shiru nake nema in yanka, inda makiɗi ya ajiye ganga ko mai magana ya tsaya shan ruwa. Masu datse mutum a tsakiyar zance haushi suke ba ni.

A shekara ta 2004 wata mata mai suna Saratu ta kawo kaset na bidiyo a ƙunshe cikin ɗankwali. Marigayi babansu ne a ciki, tsoho a kwalekwale, yana nuna inda gungunsu, wato tsibirin da suka zauna, yake kafin ruwan dam ɗin Kainji ya shanye shi. Awa biyu yana lissafa gonaki da kaburbura, ni kuwa ban da ruwa ba na ganin komai.

Yayyenta biyu ne, in ji ta. Ɗangana musulmi ne a Shanga, Philip kirista ne a Warra. Sun saɓa a kan yadda za a binne tsohon, shekara uku ke nan ko gaisuwa babu. Tsoronta kada 'ya'yansu su tashi ba su san juna ba.

Na samo wuri mai kyau, inda tsohon ya yi shiru yana kallon ruwa. Ta girgiza kai.

"Malam Basiru, matsa gaba kaɗan."

Na matsa. Tsohon ya juyo, ya ce, "Ɗangana, Philip, ku ji abin da nika roƙonku. Ranar da ba ni, ku..."

"Nan za ka yanke," in ji ta.

"Haba Saratu! Wanga ai ɓarnar aiki ta. Mi mutane za su ce da ni?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Na farko na Shanga, na biyu na Warra. Kuma don Allah kada ka buga ma kowa rabin da ba nashi ba."

Na yanke, raina yana sosuwa. Ko sunan shagona ban rubuta a kai ba.

Bayan kwana huɗu sai ga Ɗangana, kamar zai cinye ni ɗanye.

"Kai ad da shagon ga? Wane irin aikin banza na wannan? Ina sauran maganar babana?"

Saura yana nan cikin kwamfuta, kusa da gwiwar hannunsa. Da na ga idonsa ya yi ja, wallahi saura kaɗan in kunna masa. Na daure.

"Yi haƙuri, Malam. Saura na Warra, wurin ƙanenka."

Ya juya ya fita ba sallama. Philip ma ya zo washegari neman farkon maganar, ya sha amsa irin ta wansa: saura na Shanga.

Wata guda ban ji ɗuriyarsu ba, har na fara cewa na zubar da mutuncin aikina a banza. Ranar wata kasuwa sai ga su tare, ba mai kallon wani, amma faifan biyu suna cikin leda ɗaya. Philip ya ce in buga wa Saratu nata, cikakke.

Ni na riga na san ƙarshen maganar. Cewa tsohon ya yi su kai jikokinsa wurin nan su biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na nuni, don kowannensu rabin wuraren ya sani.

Na tambaya ko in gyara yankan, in mayar da shi inda ya dace. Ɗangana ya dubi ƙanensa, karo na farko tun shigowarsu.

"Bar shi nan inda tac ce. Assabar muka zuwa da yara, ko ka san mai kamara?"